Henry Souttar: Likitan da ya sa yatsa cikin zuciya mai bugawa

An haifi Henry Souttar a garin Birkenhead na Ingila a shekarar 1875. Lissafi ya fara karantawa a Jami'ar Oxford, daga baya ya koma fannin likita, ya zama likitan tiyata a asibitin London Hospital.

A watan Mayun 1925 ya yi wa wata yarinya aikin da ya sa ake tunawa da shi. Zazzaɓin da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro ya lalata mata ƙofar da jini ke bi tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya. Wannan cuta har yanzu tana kama yara a arewacin Najeriya.

A lokacin babu na'urar da za ta riƙe aikin zuciya a tsayar da ita. Souttar ya buɗe ƙirjin, ya yi 'yar ƙaramar kafa a gefen zuciyar, ya zura yatsa tana bugawa, ya laluba ƙofar ya buɗa ta. Yarinyar ta tashi, ta kuma rayu shekaru bayan haka.

Sai dai ba a sake turo masa mai irin wannan ciwo ba. Manyan likitocin zuciya na zamanin sun yi imanin cewa naman zuciyar ne ke gazawa, ba ƙofar ba, don haka suka ɗauki aikin a matsayin ganganci. Likitan tiyata kuwa ba ya nemo majinyata da kansa, abokan aiki ne ke turo su. Ko a yau, yaron Bebeji ko Doguwa ba zai isa asibitin koyarwa na Aminu Kano ba sai wani ya saurari ƙirjinsa ya tura shi.

Sai a 1948 Charles Bailey da Dwight Harken a Amurka, da Russell Brock a London, suka farfaɗo da aikin. A farkon shekarun 1980 wani likitan Japan, Kanji Inoue, ya ƙirƙiro balan-balan da ake zurawa ta jijiyar cinya, tana buɗa ƙofar ba tare da an tsaga ƙirji ba.

An ba Souttar sarautar Sir a 1949. Ya rasu a 1964, yana da shekaru 88.