Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya: Daga Gadon Sarautar Sakkwato Zuwa Kushewa a Bormi

A ƙaramar hukumar Funakaye ta Jihar Gombe, kusa da garin Bajoga, akwai wani kufai da ake kira Bormi, wanda littattafan Turawa suka rubuta da Burmi. A nan kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya yake, nesa ƙwarai da Hubbaren kakanninsa na Sakkwato. Wata biyar kacal ya yi a kan gado kafin Turawa su ci birninsa, amma shawarar da ya yanke a lokacin ta raba malamai da sarakunan ƙasar gida biyu, kuma har yau ana tattauna ta.

Attahiru ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ne, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wato tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An naɗa shi a watan Oktoban 1902 bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Ya gaji daular da aka riga aka fara ci daga gefe: Bida, Kwantagora, Yola, Bauchi da Zariya duk sun shiga hannun Turawan Ingila, Faransawa kuma sun tsare arewa. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903. Ranar 15 ga Maris rundunar Kanar Morland ta gamu da mayaƙan Sakkwato a bayan gari, a filin Giginya. Dawaki da takubba da kibau ba su iya da bindiga mai ruwa ba, kafin rana ta yi tsaka an gama yaƙin.

Tambayar da ta biyo baya ta addini ce kafin ta zama ta siyasa: me ya wajaba a kan Musulmi idan waɗanda ba Musulmi ba suka rinjayi ƙasarsa, ba shi kuma da ƙarfin kore su? Attahiru ya zaɓi hijira. Hujjarsa ba baƙuwa ba ce a gidansu, domin da hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804 aka kafa daular, ita kuma ta yi koyi ne da hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bayan haka, an daɗe ana riƙe da zancen cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta tashi ta nufi gabas, wajen Kogin Nilu da ƙasa mai tsarki. Ga mutane da yawa, zuwan Nasara shi ne alamar da ake jira.

Wazirinsa, Muhammadu Buhari, ya ɗauki wata hanyar. Shi ma ya fita daga birni, sai dai bayan ya nemi shawarar malamai, cikinsu har da Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu, ya juyo ya yi sulhu. Daga baya ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa, bayanin da mai karatu zai ga na mutum ne da abin ya dame shi a zuci. Taƙaitaccen dalilin shi ne: idan shugabanni da malamai suka tashi gaba ɗaya, raunana da ba su da halin tafiya za su zauna ba mai ja musu salla, ba mai yi musu shari'a, ƙasar kuma ta koma abin da ake gudu. Tunda Turawa sun yi alkawarin ba za su hana addini ba, ya ga halaccin a bi su a zahiri, zuciya kuwa ta tsaya inda take. Ranar 21 ga Maris, a gaban Lugard, aka naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu, ɗan Aliyu Babba.

Ba adalci ba ne a kira ɗaya jarumi a kira ɗayan matsoraci, ko da yake an sha yin haka. Littattafan fiƙihu ɗaya suka karanta, asara ɗaya suke tsoro. Rabuwar ta shiga har cikin gidan sarki, domin ɗan'uwan Attahiru, Marafa Muhammadu Maiturare, wanda ya yi yaƙi a Giginya, ya zauna, har ya zama Sarkin Musulmi a 1915.

Attahiru ya bi ta Gusau ya miƙa gabas. Abin da ya firgita Turawa shi ne yadda jama'a suka riƙa barin gonaki da gidaje suna bin sa, a daidai lokacin da damina ke gabatowa: talakawa, malamai, mata da yara, da sarakunan da aka tuɓe. Ayarin ya haɗa mutanen da a da ba sa zama inuwa ɗaya. Akwai 'yan Ƙadiriyyar Sakkwato. Akwai Etsu Nupe Abubakar na Bida, da Sarkin Misau Ahmadu, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ake nema saboda kashe Kyaftin Moloney a 1902. Akwai kuma 'yan Tijjaniyya na zuriyar Alhaji Umaru Futi, waɗanda Faransawa suka koro daga Segu shekarun baya, wannan ce hijirarsu ta biyu.

Masaukinsu na ƙarshe ma abin lura ne. Bormi garin mabiya Mahadi ne, wanda Malam Jibrilla Gaini ya kafa ya kuma daɗe yana yaƙar Masarautar Gombe, wadda ke ƙarƙashin tutar Sakkwato. Turawa sun kama Jibrilla a 1902 suka kai shi Lakwaja, shekarar da Sarkin Gombe Umaru ya karɓe su ba tare da yaƙi ba. Ke nan Sarkin Musulmi ya sami mafaka a wurin waɗanda jiya ake ɗauka 'yan tawaye ne ga gidansa. A watan Mayu mutanen Bormi suka kori wata rundunar Turawa da ta kawo musu hari, amma Turawan suka sake shiri suka dawo.

Ranar 27 ga Yulin 1903 aka yi gumurzun ƙarshe, tun da hantsi har yamma. Manjo Marsh, jagoran Turawa, ya mutu da harbin kibiya mai dafi. An kashe Attahiru tare da mutane sama da 600, aka ƙone garin. An tarar da gawarsa a tsakiyar gawarwakin waɗanda suka tsaya kare shi. Tutar da ke tare da shi ta shiga hannun Turawa, ba a mayar da ita Sakkwato ba sai a 1960.

Waɗanda suka tsira sun watsu. Ɗansa Muhammadu Bello, da aka fi sani da Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da jama'a masu yawa har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar. Jikokinsu na can har yau. Alfa Hashim, ɗaya daga cikin malaman Futawa, ya isa Madina, ya zama babban shehin Tijjaniyya da alhazan Afirka ta Yamma ke sauka a wurinsa. Wasu Futawan suka koma ƙasar Haɗejiya suka zauna a 'Yanleman. Waziri Buhari kuwa ya riƙe muƙaminsa a Sakkwato har rasuwarsa a 1910, kuma ɗansa ne Waziri Junaidu, malamin da ya adana rubuce-rubucen daular da masu bincike ke dogaro da su wajen sanin wannan tarihi.

Bormi ba ta sake zama gari ba. Hedkwatar Masarautar Gombe ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan ta koma Doma, inda birnin Gombe yake yanzu, a 1919. Masu ziyara daga Gombe kan bi hanyar Bajoga su je kabarin Sarkin Musulmi, wanda ba shi da nisa da na Manjo Marsh.