J.R.R. Tolkien: marubucin da bai ga labarinsa a majigi ba

A watan Nuwamba na shekara ta 1978 aka fara nuna fim ɗin zane mai motsi na The Lord of the Rings a gidajen sinima na Amurka, labarin da masu karatun Faransanci suka sani da suna Le Seigneur des anneaux. A lokacin, mai labarin ya cika shekara biyar a kabari.

An haifi John Ronald Reuel Tolkien ranar 3 ga watan Janairu 1892 a Bloemfontein, cikin Afirka ta Kudu ta yau, inda mahaifinsa yake aikin banki. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa ta kai shi Ingila, kuma mahaifin ya rasu a 1896 ba su sake haɗuwa ba. Ciwon suga ya ɗauke mahaifiyar a 1904, ya zama maraya yana da shekara 12. Wani limamin Katolika na Birmingham, Francis Morgan, shi ya riƙe shi. Shi ne kuma ya hana shi ganin Edith Bratt, yarinyar da yake so, har sai ya kai shekara 21. Tolkien ya yi biyayya, ya jira, ya aure ta a 1916.

A wannan shekarar aka tura shi Faransa, fagen daga na Somme, a yaƙin duniya na farko. Zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa cikin ramukan soja ya mayar da shi gida, amma biyu daga cikin aminansa na makaranta ba su dawo ba. Bayan yaƙi ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford, ya koyar a Leeds, sannan a 1925 ya zama farfesan tsohon Turanci a jami'ar Oxford. Tun yana yaro yake ƙirƙirar harsuna, daga baya ya ƙirƙiro musu mutane da ƙasa da tarihi.

The Hobbit ya fito a 1937, bayan ɗan mai kamfanin buga littafin, yaro mai shekara 10, ya karanta ya yaba. Da aka nemi ci gabansa, Tolkien ya shafe shekara 12 yana rubutu. Littafin ya fito kashi uku a 1954 da 1955: tafiyar Frodo, wani ɗan ƙaramin taliki da aka ɗora wa kai zoben mugun iko zuwa dutsen wuta domin a hallaka shi.

Masu fim ba su daɗe ba suka ƙwanƙwasa ƙofa. A 1957 wasu Amurkawa suka kawo masa tsarin fim na zane. Ya karanta, ransa ya ɓaci. Sun gurɓata sunaye, sun matse tafiyar watanni, sun mayar da manyan gaggafa abin hawa duk lokacin da hanya ta yi wuya, alhali wahalar tafiyar ita ce ƙashin bayan labarin. Shi da mai buga masa littafi sun tsayar da magana ɗaya: ko a ba shi ikon hana abin da bai yarda da shi ba, ko a biya kuɗi mai kauri. Aikin ya watse. A 1969, tsufa ya zo, ya sayar da haƙƙin fim ga kamfanin United Artists. Ikon ya fita daga hannunsa ke nan.

Edith ta rasu a 1971, shi kuma ya bi ta ranar 2 ga watan Satumba 1973 a Bournemouth, yana da shekara 81. Kabarinsu ɗaya a maƙabartar Wolvercote da ke Oxford.

Bayan rasuwarsa furodusa Saul Zaentz ya sayi haƙƙin, Ralph Bakshi ya ba da umarni. Bakshi ya ɗauki ƴan wasa na gaske, galibi a Spain, sannan masu zane suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya suna zana a kansu, domin mahaya da mayaƙa su motsa kamar mutane. Fim ɗin ya tsaya a yaƙin Helm's Deep, wajen rabin labari, kuma an fitar da shi ba tare da nuna cewa kashi na farko ne ba. Ƴan kallo da yawa sun fita da fushi. Ya kawo riba, amma ba a taɓa yin kashi na biyu ba.

Duk da haka, wani matashi ɗan New Zealand, Peter Jackson, ya kalli wannan fim, ya je ya nemi littafin. Shi ne ya fitar da finafinai uku tsakanin 2001 da 2003, na ƙarshensu ya lashe kyautar Oscar 11.