Sarkin Daura Abdurrahman ɗan Musa da Zamanin Annoba

Abdurrahman ya gaji mahaifinsa, Malam Musa, wanda Turawa suka maido da sarautar Haɓe ta Daura a hannunsa daga Zango. Ya hau gado a 1911. Bai jima ba yunwar 1914 ta auka wa ƙasar Hausa, sannan marisuwa, murar da ta game duniya a 1918, ta shigo ta Ikko ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa. A lokacin babu rigakafinta, domin sai 1933 aka gano ƙwayar cutar. Lambar agana kuwa ta dogara ga yardar iyaye, yardarsu kuma ga bakin sarakuna. Ya rasu a 1966, shekara guda kafin gangamin kawar da agana.