Jean-Paul Vinay, masanin furucin da ya raɗa wa haruffan jirgin sama suna

A takardun sufurin sama na duniya, alamar filin jirgin saman Tawa haruffa huɗu ce, DRRT. Matuƙin da zai faɗe su a rediyo ba ya kiran haruffan da sunayensu na aji, sai ya ce Delta, Romeo, Romeo, Tango. Tsarin nan na bai wa kowane harafi kalma tasa ya sami siffarsa ta yanzu a hannun wani masanin harshe, wanda ɗaliban fassara suka san sunansa ta wata hanya dabam.

An haifi Jean-Paul Vinay a Paris ranar 18 ga Yuli 1910, ya tashi a Le Havre. Ya karanta Ingilishi a Faransa, sannan ya ƙetara Landan ya yi digiri na biyu a ilimin furuci a 1937. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, ya yi aikin jami'in haɗa sojan Faransa da na Ingila, inda kuskuren ji kan jawo asarar rai. A 1946 ya koma Kanada ya kama koyarwa a Jami'ar Montreal, kuma shi ya kafa sashen nazarin harsuna a can.

A wannan birnin ne hedikwatar ICAO take, wato hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Matsalar da ke gabanta a lokacin ta kunne ce. A rediyo mai ƙara, B da D da T sukan narke su zama abu ɗaya, jerin kalmomin da sojan Amurka da Ingila suka bari kuwa, mai farawa da Able da Baker, an gina shi ne don bakin Bature mai jin Ingilishi. Tsakanin 1948 da 1949 Vinay ya yi aiki da hukumar a kan sabon jeri. Sharuɗɗansa masu tsauri ne: kalma ta kasance rayayya a Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, rubutunta ya yi kusa a harsunan uku, ta fito sarai a rediyo, kada kuma ta ɗauki wata ma'ana ta batsa ko cin fuska. Shi ya sa har yau ake rubuta Alfa da f, domin ba kowa ya san ph sautin f ba ne, ake kuma ninka t a Juliett, don kada Bafaranshe ya haɗiye ta kamar yadda harshensa ya saba.

An amince da jerin a 1951, nan da nan ƙorafi ya taso. Nectar na rikicewa da Victor, Extra da Delta, wasu matuƙa suka koma tsohon jerinsu. Aka sake gwaji da masu magana daga ƙasashe 31, aka canza kalmomi biyar, na C da M da N da U da X, sabon jerin ya tabbata ranar 1 ga Maris 1956. Sauran kalmomin suna nan yadda aka tsara su.

Babu harshen Afirka ko ɗaya cikin ukun da aka auna, kuma wannan giɓi ne na gaske. Hausa ba ta bambanta p da f, ba ta da v, Ba'adare ma inda Bakano zai ce fata shi hwata yake cewa. Duk da haka tsarin yana jure wannan, domin nauyin yana kan kalma sukutum. Wanda ya furta Papa kamar Fafa ba zai ɓatar da mai saurare ba, tunda babu wata kalma a jerin mai wannan zubi.

Littafin da ya fitar da sunansa, Stylistique comparée du français et de l'anglais, shi da Jean Darbelnet suka wallafa shi a 1958. Sun buɗe shi da allunan hanya da suka riƙa karantawa tsakanin New York da Montreal, daga nan suka zayyana dabarun fassara bakwai, tun daga aron kalma har zuwa sajewa da al'adar mai karatu. Ya jagoranci wani ƙamus na Ingilishi da Faransanci na Kanada da ya fito a 1962, ya kuma koyar da Faransanci ta talabijin. A 1966 ya koma Jami'ar Victoria, ya yi ritaya a 1976.

Haruffa da ƙayyadaddun jimloli suna isa muddin komai na tafiya daidai. Haɗarin Tenerife na 1977, da ya ci rai 583, da karon jirage biyu a Charkhi Dadri ta Indiya a 1996, da ya ci 349, sun nuna abin da ke faruwa idan fahimta ta yanke. A 2003 ICAO ta kafa matakan ƙwarewa shida, ta wajabta wa matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jiragen ƙasa da ƙasa kaiwa mataki na huɗu daga Maris 2008. Ana auna furuci, ginin jimla, kalmomi, sakin harshe, fahimta da musayar magana, kuma makin da ya fi ƙasa shi ne makin mutum. Mai mataki na huɗu yakan sake zama jarrabawar bayan shekara uku.

Vinay ba shi da hannu a wannan jarrabawa, amma ma'auninta irin nasa ne: a ji, a gane. Ba ta neman ɗan Tawa ya yi magana kamar ɗan Landan, ta yarda da karin harshen uwa in dai bai cika tare fahimta ba. Jarrabawa kuwa ita ke jan ragamar aji. Malamin da ke shirya ɗalibi don EAMAC, makarantar ASECNA da ke Yamai, ko don aikin da ke bayanta, dole ya rage cika allo da nahawu, ya ƙara sauraron muryoyi iri-iri da koyon neman a maimaita. Ɗalibin da ya fara Ingilishi a ajin farko na sakandare, ya fi saninsa a takarda, nan ne yakan gane inda rauninsa yake.

Vinay ya rasu a Victoria ranar 10 ga Afrilu 1999, yana da shekara 88.