Guillermo Cano: Editan da ya tuɓe wa Pablo Escobar rigar mutunci

Matasa da yawa sun san Pablo Escobar ta fina-finai, har wasu na yi masa kallon gwarzo. Sunan Guillermo Cano Isaza kuwa ba kasafai ake jinsa ba a wajen Kolombiya, alhali shi ne ya fito da shaidar da ta kori Escobar daga majalisar dokoki, kuma ransa ya biya kuɗin hakan. Rayuwarsa tana nuna yadda fataucin hodar iblis ke shiga ƙasa: da fara'a da kyauta yake sallama, sai an ƙi sayuwa ya zaro bindiga.

An haifi Cano a Bogota ranar 12 ga Agusta, 1925, a gidan da aikin jarida ya zama gado. Kakansa, Fidel Cano Gutiérrez, shi ya kafa jaridar El Espectador a birnin Medellin a 1887. Jikan bai fara daga kujerar sama ba. Rahoton wasanni ya soma rubutawa, musamman wasan artabu da bijimi da ƙasar ta gada daga Sifaniya. A 1952, yana ɗan shekara 27, ya karɓi ragamar jaridar, a shekarar da masu zanga-zanga suka cinna wa ofishinta wuta a Bogota. Lokacin ƙasar na tsakiyar yaƙin jam'iyyu da ya ɓarke bayan kashe ɗan siyasa Jorge Eliécer Gaitán a 1948. Ke nan tun ranar farko ya san cewa ana ƙone gidan jarida saboda abin da ta buga.

A ƙarƙashinsa ne wani matashin ɗan rahoto mai suna Gabriel García Márquez, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel ta adabi, ya wallafa labarin wani sojan ruwa da ya kwana goma a teku shi kaɗai a 1955. Gwamnatin soja ta Gustavo Rojas Pinilla ta ce hadari ne ya zubar da sojojin daga jirgi. Jaridar ta nuna cewa kayan fasa-ƙwauri aka jibga a jirgin yaƙin har suka rinjaye shi. A 1956 El Espectador ta daina fitowa saboda matsin gwamnati, ba ta dawo ba sai 1958. A farkon shekarun 1980 kuma Cano ya tasa ƙeyar wani babban rukunin bankuna, Grancolombiano, kan wasa da kuɗin masu ajiya. Rukunin ya janye tallace-tallacensa don ya karya jaridar, amma shi ne ya rushe daga baya. Soja da attajirai duk ya gwada da su. Abokin gaba na uku ya sha bamban da su.

Tun daga tsakiyar shekarun 1970 Kolombiya ta zama tsakiyar wata sana'a mai ribar da ta wuce hankali. Ana noma ganyen koka a Peru da Bolibiya, a kawo ƙullunsa Kolombiya a tace shi ya zama hoda, sannan ƙananan jirage su tsallaka da ita Amurka, inda farashinta ke ninkuwa sau da yawa. Sai dai sana'ar da doka ta haramta ba ta da kotun da za ta kai ƙara. Wanda aka cinye wa kaya ba zai je wurin alƙali ba, wanda ake bin bashi ba a aika masa sammaci. Abin da takardar yarjejeniya ke yi a halattaccen ciniki, kisa ne ke yinsa a nan. Shi ya sa masu fataucin suka buƙaci makasa na haya, kuma suka same su da araha a unguwannin talakawa da ke maƙale a tsaunukan Medellin: samari marasa aiki, babur ɗaya, mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na harbi.

Amma a farko ba wannan fuskar jama'a suka gani ba. Escobar ya gina gidaje ga mazauna juji, ya sa fitilu a filayen ƙwallo, ya raba kuɗi a tarukan siyasa. A 1982 ya shiga majalisar wakilai a matsayin wakilin ko-ta-kwana, kujerar da ta ba shi rigar kariya daga kamu. Manyan gari sun san inda dukiyar ta fito, da yawansu kuma sun ga ba laifi a ci tare, tunda Amurkawa ne ke shaƙar hodar. Wannan shirun ne ya fi damun Cano, kuma a kansa ya yi ta rubutu a shafinsa na ranar Lahadi. Ra'ayinsa shi ne, kuɗin da ya sayi ƙuri'a yau zai sayi alƙali gobe, alƙalin da ya ƙi sayuwa kuma za a kashe shi. Abin da ya biyo baya bai ƙaryata shi ba.

A watan Agusta na 1983 sabon ministan shari'a, Rodrigo Lara Bonilla, ya fito fili ya zargi Escobar da fataucin ƙwaya. Magoya bayan Escobar a majalisa suka juya maganar, suka ce ministan ne ya karɓi kuɗin wani ɗan ƙwaya. Escobar ya nemi a kawo hujja. Cano, wanda ya ji a jikinsa cewa ya taɓa ganin wannan fuskar, ya koma ma'ajiyar tsoffin jaridu ya yi ta bincike har ya samo wani rahoto na watan Yuni 1976: mutane shida da aka kama da hodar iblis, da hotunansu, cikinsu har da Pablo Escobar da ɗan'uwansa Gustavo Gaviria. Jami'ai biyu da suka yi kamun an riga an harbe su a 1977. Ranar 25 ga Agusta, 1983, El Espectador ta sake buga labarin da hoton. Yaran Escobar suka bi masu sayar da jarida a Medellin suna saye kofe-kofen, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Majalisa ta cire masa rigar kariya, Amurka ta soke bizarsa, burinsa na siyasa ya mutu. Ba wata fallasa ta sirri ba ce. Tsohuwar takarda ce da kowa ya manta da ita, sai mutum ɗaya.

Daga nan jini ya fara kwarara. A watan Maris 1984 'yan sanda suka kai samame Tranquilandia, wata katafariyar matatar hodar iblis a cikin daji, suka lalata sama da tan 13. Ranar 30 ga Afrilu mahara a kan babur suka kashe Lara Bonilla a Bogota. Wanda ya tuƙa babur ɗin bai kai shekara ashirin ba. Shugaba Belisario Betancur, wanda a da yake ƙin miƙa 'yan ƙasa ga Amurka, ya sauya matsayi ya amince a yi aiki da yarjejeniyar 1979 ta miƙa masu laifi. Ba abin da masu fataucin ke tsoro kamar kurkukun Amurka, inda kuɗinsu ba ya buɗe ƙofa. Suka shelanta yaƙi da duk mai goyon bayan yarjejeniyar. An kashe alƙalin da ke binciken kisan ministan a 1985. An kashe alƙalin kotun ƙoli Hernando Baquero Borda a Yuli 1986. A Nuwamba aka kashe Kanal Jaime Ramírez Gómez, wanda ya jagoranci samamen dajin.

Cano ya tsaya a kan miƙa su. Ana iya cewa ƙasar da ke tura masu laifinta waje ta amsa cewa kotunanta sun gaza, kuma masu wannan sukar ba su rasa hujja ba. Amma a ƙasar da alƙali ke zaɓa tsakanin toshiya da harsashi, da wuya a ga wata ƙofar da ta rage. Bai ɗauki masu gadi ba, bai daina tuƙa motarsa da kansa ba. Da yammacin 17 ga Disamba, 1986, yana fitowa daga ofishin jaridar, mahara a kan babur suka buɗe masa wuta. Ya rasu yana da shekara 61, ya bar matarsa Ana María Busquets da 'ya'ya. 'Yan jaridar ƙasar suka yi shirun kwana guda: ba jarida, ba labarai a rediyo ko talabijin. Bayan haka kafofin suka riƙa buga binciken ƙwaya tare, a rana ɗaya, don kada a ware mutum ɗaya a kashe.

Kisan bai tsaya a kansa ba, ya bi duk wanda ya taɓa shari'ar. A 1989 aka kashe lauyan iyalin, Héctor Giraldo Gálvez, da alƙali Carlos Ernesto Valencia. Ranar 2 ga Satumba na shekarar aka tayar da bam a mota a gaban hedikwatar El Espectador, gini ya ragargaje, mutane da dama suka jikkata. Washegari jaridar ta fito. A Oktoba aka kashe jami'anta biyu a Medellin a rana ɗaya. A 1992 aka kashe wata alƙaliyar, Myriam Rocío Vélez. Waɗannan su ne masu suna. A 1991 kaɗai an kashe mutum sama da 6,000 a Medellin, akasarinsu samarin unguwannin da Escobar ya sa wa fitilu. Bindigogin da aka raba don tsaron hanyar ƙwaya sun koma kayan fashi, garkuwa da mutane da faɗan unguwa, kuma ba su koma kube ba bayan jami'an tsaro sun harbe Escobar ranar 2 ga Disamba, 1993.

Tun 1997 hukumar UNESCO ke ba da kyautar 'yancin jarida ta duniya da sunan Guillermo Cano. Ta 1998 'yar Najeriya ce ta samu, Christina Anyanwu, tana tsare a kurkuku ƙarƙashin mulkin Sani Abacha. Iyalin Cano kuwa sun sayar da jaridar a 1997, bayan shekaru na asara.

A 2010 ofishin babban mai gabatar da ƙara na Kolombiya ya ayyana kisan Cano a matsayin laifin cin zarafin bil'adama, wato shari'ar ba za ta mutu saboda daɗewa ba. Escobar bai taɓa tsayawa gaban alƙali a kanta ba. Luis Carlos Molina Yepes, mutumin da kuɗin ladan makasan ya bi ta hannunsa, ya yi 'yan shekaru a kurkuku ya fito.