Alessandro Volta: Malamin Makarantar Da Ya Kama Iskar Fadama A Kwalba

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, a wannan fitowa ina so in kawo muku tarihin wani mutum wanda kullum muke tare da sunansa ba mu lura ba. Duk wanda ya taɓa sayen batirin tocila a kasuwar Sabon Gari ya ga an rubuta 1.5V a jikinsa, na mota kuwa 12V. Wannan harafi na V daga sunan Alessandro Volta aka samo shi, mutumin ƙasar Italiya. A aji an koya mana cewa shi ya ƙago batir. Abin da ba a faye faɗa ba shi ne, shi ne kuma ya gano iskar metan, ya kuma yi amfani da lantarki wajen auna ta.

An haifi Volta ran 18 ga Fabrairu 1745 a garin Komo na arewacin Italiya. An ce bai fara magana ba sai da ya kai shekara huɗu, har danginsa suka ɗauka bebe ne. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, dangi suka so ya karanta shari'a ko ya zama limamin coci, shi kuwa zuciyarsa na wajen kimiyya. A 1774 ya kama aiki a makarantar gwamnati ta garinsu, inda ya koyar da kimiyya.

A watan Nuwamba 1776, yana cikin kwalekwale a tafkin Majore, sai ya caka sanda cikin taɓon gaɓa, ya ga kumfa na tasowa. Ya tara iskar cikin kwalabe, ya kai gida, ya kusanta mata wuta, ta kama. Zuwa 1778 ya iya ware ta ita kaɗai. Wannan ita ce metan. Mu mazauna Zabi ba baƙuwarmu ba ce: ita ce ke ɓulɓulowa a kududdufi da damina da kuma taɓon rafin Kubanni, ita ce ke taruwa a masai da juji da tarin kashin shanu, domin duk inda abu ya ruɓe ba iska, can take fitowa. Ba ta da launi, ba ta da wari. In kuwa ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya isa ya tashi wurin.

To, yaya za a auna abin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji? Nan Volta ya nuna gwanintarsa. A 1777 ya haɗa wata 'yar bindiga wadda ake cikawa da iskar, a tashe ta da tartsatsin lantarki. Daga nan ya samu bututun gilashi mai zane-zanen awo, ya kife shi kan ruwa, ya zura masa wayoyi biyu. In tartsatsi ya tsallaka tsakanin wayoyin, iskar ta ƙone, sai ruwa ya hau ya cike gurbinta, inda ruwan ya tsaya kuwa shi ke nuna yawan abin da ya ƙone. Watau ya mai da haɗari lamba, wadda kowa zai iya karantawa.

A 1779 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Pabiya, ya yi kusan shekara 40 yana can. Gardamarsa da Luigi Galvani ita ta haifi batir. Galvani ya ga ƙafar mataccen kwaɗo na motsi in an taɓa ta da ƙarfe, ya ce lantarkin a jikin dabbar yake. Volta ya ce daga haɗuwar ƙarafa biyu ne. Don ya tabbatar, sai ya jera faya-fayen tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri, wuta ta zo ba kwaɗo. Ran 20 ga Maris 1800 ya aika da bayanin Landan, a 1801 kuma ya nuna wa Napoliyon a Faris.

Na'urar gano metan ta yau jikar wancan bututu ce, kuma ɗalibin injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, zai iya haɗa ta a kan teburinsa. Zuciyarta wani ɗan maɓalli ne, misali MQ-4, mai ɗauke da sinadarin kuza wanda ake ɗumamawa da wutar bolt 5. In metan ta taɓa shi, sai ya ƙara sakin hanya ga lantarki, ƙarfin wutar da ke fita ya hau, 'yar kwamfutar da ke ciki ta mai da shi lamba, in ya wuce ƙa'ida ƙararrawa ta tashi. Ku duba fa: iskar Volta ya gano ta, batirin shi ya ƙago shi, ma'aunin ma sunansa ne.

Wannan ilmi zai ƙara mana amfani nan gaba. Bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, akasarin abin da aka shirya zai ɗauko metan ne. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Volta ya yi ritaya a 1819, ya rasu a Komo ran 5 ga Maris 1827, a 1881 aka sa wa ma'aunin ƙarfin lantarki sunansa. A ganina darasin rayuwarsa shi ne, da sanda da kwalba ya fara, yana malamin makaranta, kuma bai yarda da abu ba sai ya auna. Allah ya ba ƙannenmu da ke aji irin wannan naci, amin.