Malam Muhammadu Bakatsine, gwanin hatimi

Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina. A littattafan Larabci ana kiran shi Alkashinawi, wato Bakatsine. Ya yi karatu wurin manyan malamai na ƙasar Hausa da na Barno. Cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na Bagarmi. Ya san nahawu, ya san taurari, ya kuma ƙware a lissafi.

Wajen shekara ta 1730 ya tafi aikin hajji. Daga Makka ya wuce Masar, ya zauna Alƙahira yana karantarwa. A shekara ta 1732 ya rubuta littafi da Larabci bisa hatimi. Ya bayyana hanyoyin tsara hatimi mai gida 3, ko 5, ko 7 a kowane gefe.

Yaran Tawa da na ƙauyukan Adar sun saba ganin hatimi bisa allon malamai. Amma hatimi lissafi ne. Ga mafi ƙanƙanta, mai gida 9:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

A tara lambobin kowane layi, na kwance da na tsaye: 15 ne. A tara daga kusurwa zuwa kusurwa: 15 ne. Dalili kuwa, in an tara 1 har zuwa 9 ana samun 45. In an raba 45 gida 3, kowane layi ya samu 15.

A zamanin Malam Muhammadu da hannu ake juyar littafi. In mai juyi ya sa lamba ɗaya ba wurinta ba, hatimi ya ɓaci, ido kuwa ba ya gani nan da nan. Ga wani:

1 5 9
6 7 2
8 3 4

Layi ukun na kwance sun ba da 15. Layi ukun na tsaye sun ba da 15. Mai gaggawa sai ya ce ya tabbata. Ashe kuskure ya ɓuya a kusurwa: 1 da 7 da 4, 12 ke nan, 9 da 7 da 8, 24 ke nan. Layi 6 sun yi daidai, 2 sun ƙi, shaidar duka ta rushe.

Wanda ya san ƙa'ida da kallo ɗaya zai gane. Layi 4 ke ratsa gidan tsakiya. Jimlarsu 60. Cikin wannan tarawa kowace lamba ta shiga sau ɗaya, ta tsakiya kuwa sau 4. A ɗebe 45 daga 60, saura 15: lambar tsakiya ce sau 3. Ke nan tilas 5 ta zauna tsakiya. A hatimi na biyu 7 ce ta zauna, shi ne tushen kuskure.

Malam Muhammadu bai komo gida ba. Ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1741, a gidan abokinsa Shaihu Hasan Aljabarti, wanda shi ma masanin taurari ne. Shi ya bar wa littattafansa. Abdurrahman ɗan Shaihu Hasan ya zama babban mai rubuta tarihin Masar, ya sa labarin Bakatsinen cikin littafinsa.

Tambayoyi

1. A wane gari Malam Muhammadu ya rasu?
2. Layi nawa ake dubawa kafin a yarda da hatimi mai gida 9?
3. Ku tsara wani hatimi bisa allo, ku ba na kusa da ku ya duba.